Wa Ya San Ka? Fashin Baƙi Kan Abin Da Ke Sa A Yarda Da Mutum

Akwai wani dattijo a Kantin Kwari da nakan zauna a shagonsa in na shiga kasuwa, mai sayar da atamfa da shadda a sari. Wata rana da hantsi mutum biyu suka zo neman kaya bashi, tsakaninsu bai fi rabin awa ba. Na farkon ya sha farar shadda mai maiƙo, ga carbi a hannu, ƙamshin turarensa ma ya riga shi shigowa. Ya yi sallama cikakkiya, ya gaisa da kowa har yaran shago, ya kawo hadisin falalar ɗan kasuwa mai gaskiya. Alhaji ya saurare shi har ya dasa aya, ya sa aka kawo masa ruwan sanyi, sannan ya ce, "Wallahi Alhaji kasuwar ce sai a hankali, amma in an kwana biyu ka leƙo." Duk wanda ya san Kwari ya san an sallame shi ke nan.

Na biyun wani ɗan tsamurmurin saurayi ne daga wajen Maraɗi, rigarsa ta koɗe, ƙafa duk ƙura. Ya tsuguna ya yi gaisuwa, ko ido bai haɗa da mai shagon ba. Ya zaro ƙullin kuɗi daga aljihun 'yar ciki ya ce, "Baba, ga cikon na wancan karon. Turmi 4 ba su fita ba, na dawo da su." Alhaji bai ko ƙirga ba, ya miƙa wa yaronsa, ya ce a ɗaure wa baƙon dila 2. Ba takarda, ba shaida, sai layi ɗaya da aka ja a wani tsohon littafi da bangonsa ya rabu.

Da suka watse na ce, "Alhaji, ai na farkon ya fi kama da mai biya." Ya yi dariya ya ce, "Malam, kama da wane ba ta wane. Wancan ban san inda yake kwana ba. Wannan kuwa ubansa ne ya kawo mini shi, kuma da uban muka yi shekara da shekaru ko kwabona bai taɓa ciwon kai ba."

Tun ranar nake juya wannan magana. Abin da ke sa mutum ya yi kama da mai amana daban, abin da ke sa ya zama mai amana daban, kuma yawancin asarar da muke tafkawa, a kasuwa ne ko a aure ko a rumfar zaɓe, daga cakuɗa biyun nan take fitowa.

Mu fara da fuska, tunda ita ce ke fara isowa. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma in maganar fushi ce ko murna ko yunwa, karin maganar ya yi daidai. In maganar amana ce kuwa, fuska muguwar shaida ce. A 2006 wasu masana halayyar ɗan'adam biyu a Jami'ar Princeton ta Amurka, Janine Willis da Alexander Todorov, sun riƙa haska wa mutane hotunan fuskokin da ba su taɓa gani ba, na tsawon kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa kacal, sannan su tambaye su ko mai fuskar abin yarda ne. Hukuncin da mutane suka yanke cikin wannan ƙiftawar ido ya yi kusan daidai da wanda wasu suka yanke bayan sun ƙare wa hoton kallo son ransu. Ƙarin lokaci bai sauya ra'ayi sosai ba, sai dai ya ƙara wa mai hukuncin jin cewa shi ke da gaskiya. Wato kafin baƙo ya gama cewa "salamu alaikum" zuciyarka ta riga ta yanke masa hukunci, abin da ya biyo baya neman hujja ne kawai.

Me zuciyar take kallo? Fuskar da ko a sake take tana kama da mai shirin murmushi, ita ake ce wa ta kirki. Wadda girarta ta sauko, bakinta ya ɗan karkata ƙasa, ita ake yi wa kallon mugu, alhali haka Allah ya halicci mai ita. A 2005, Todorov da abokan aikinsa sun nuna cewa kallon hoton 'yan takara na daƙiƙa ɗaya, da tambayar wa ya fi kama da wanda ya san aiki, ya isa a canki wanda ya ci kujerar majalisar dattawan Amurka a kusan kashi 70 cikin 100 na zaɓukan da suka duba. Masu buga fastar siyasa a nan gida ba su karanta wannan bincike ba, amma sun san kan abin: shi ya sa ake goge wa ɗan takara fuska a kwamfuta har ka gan shi a zahiri ka kasa gane shi.

To, a ce fuska ta yaudare mu, ai muna da wata dabarar: mu sa ido mu ga ko zai daburce. Maras gaskiya ko a ruwa gumi yake, mai kaza a aljihu kuma ba ya jimirin as. Nan ma akwai gyara. Charles Bond da Bella DePaulo sun tattara gwaje-gwaje sama da 200 da aka yi kan gane maƙaryaci, suka fitar da sakamako a 2006: a matsakaici mutane suna cankar daidai sau 54 cikin 100. Wanda ya rufe ido ya yi canki-canka zai samu 50. 'Yan sanda da alƙalai ma ba su tsere wa sauran jama'a da wani abin a zo a gani ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ke gumi a ruwa sabon shiga ne, ko kuma mai gaskiyar da tsoro ya kama. Gwanin ɗan damfara ya maimaita zancensa sau ɗari, bugun zuciyarsa bai ƙaru ba, shi ne ma zai dafa kafaɗarka ya ce ka kwantar da hankalinka.

Abin da ya fi ba ni takaici a nan shi ne maganar ido. Wani binciken da ya zagaya ƙasashe 58 ya tarar cewa alamar da mutanen duniya suka fi ambata ta maƙaryaci ita ce kawar da ido, alhali gwaji bai tabbatar da hakan ba. Ka duba yadda wannan ke cutar ɗan Bahaushe. An tarbiyyantar da shi cewa zuba wa babba ido rashin kunya ne, tsaurin ido ne. Sai ya je gaban jami'in biza ko mai ɗaukar aiki a wani kamfani, ya sunkuyar da kai don ladabi, a rubuta cewa yana ɓoye wani abu. Saurayin nan na Maraɗi da an kai shi irin wannan zama da ya faɗi warwas. Mai farar shaddar kuwa da ya haye.

Sai babbar rigar da aka fi ara a ƙasarmu, wato addini. Gemu, ɗage wando, sahun gaba, tabon sujada, yawan "wallahi tallahi". Kada a fahimce ni a baibai: mai tsoron Allah na gaske shi ne ƙarshen mai amana, kuma na san da yawa. Matsalar ita ce alamomin da ido ke gani suna da araha. Gemu wata uku ne ya fito. Carbi ana sayar da shi a bakin kowane masallaci. Kuma addinin da kansa ya riga kowa faɗar haka. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya lissafa alamomin munafuki guda 3: in ya yi zance ya yi ƙarya, in ya yi alƙawari ya saɓa, in an ba shi amana ya ci. Ka lura, babu ko ɗaya a cikinsu da ake gani a zaman farko. Dukkansu sai an jira, sai zance ya haɗu da abin da ya faru, sai ranar alƙawari ta zo, sai an nemi ajiya.

An ruwaito cewa wani ya zo ba da shaida a gaban Sayyidina Umar, sai Umar ya ce masa bai san shi ba, ya kawo wanda ya san shi. Wani daga cikin jama'a ya ce shi ya san shi da adalci. Umar ya tambaye shi: kai ne maƙwabcinsa na kusa, wanda ya san darensa da ranarsa, shigarsa da fitarsa? Ya ce a'a. Kun taɓa hulɗar dinari da dirhami? Ya ce a'a. Kun taɓa yin tafiya tare? Ya ce a'a. Umar ya ce to ba ka san shi ba. A wata ruwayar har ya ƙara da cewa wataƙila ka gan shi ne a masallaci yana sunkuyawa yana ɗagowa. Maƙwabtaka, kuɗi, tafiya. A ganina har yau ba a ƙirƙiro ma'aunin da ya fi wannan ba, domin wurare ne guda uku da mutum ba ya iya riƙe fuskar aro na dogon lokaci. Maƙwabci yana jin yadda kake yi wa matarka magana da tsakar dare. Abokin tafiya yana ganin yadda kake raba guzuri in ya kusa ƙarewa.

Kakanninmu fatake sun gina kasuwanci sukutum a kan wannan fahimta. Ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, har kasuwar Salaga da ke arewacin Gana ta yau, yakan yi watanni a hanya, da jakuna da kanwa da tufafi da fatu, ƙarƙashin madugu. Babu banki, babu kotun da hukuncinta zai ratsa duk ƙasashen da ake ketawa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari da suka yi fice a wannan fatauci ba da kallon fuska suke ba da dukiya ba. Kowane zango akwai mai masauki, wanda a gidansa baƙo zai sauka, ya ci, ya ajiye kaya da kuɗi, shi zai nemo masa dillali, shi kuma zai tsaya in an sayi kayan bashi. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, daga cikin wannan fataucin goro ya fito, kuma da cinikin gyaɗa ya buɗe bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, da irin wannan sarƙar aka tafiyar da shi: kuɗi su fito daga hannun babban ɗan kasuwa zuwa yaransa, daga yaran zuwa ƙauyuka, tun gyaɗar ba ta zo hannu ba.

Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 yana nazarin yadda Hausawa ke cinikin shanu da goro a can. Abin da ya gani ya isa a tsaya a kansa. Mai shanu ya taho daga Arewa da garken da wataƙila shi ne duk abin da ya mallaka. Mahautan Yarabawa da za su saya ba su da kuɗi a hannu, sai sun yanka sun sayar. Bai san su ba, ba ya ko jin yarensu. Amma yakan bar musu shanun bashi na 'yan makonni ba tare da takarda ba. Don me? Don maigidan da ya sauke shi ya tsaya. Maigidan nan yana da dillalai da suka san kowane mahauci ciki da bai: nawa ake bin sa, shanu nawa yake iya sayarwa, ko ya taɓa yin taurin bashi. In mahauci ya ƙi biya, asarar a wuyan maigida take. In maigida ya yi wasa da kuɗin baƙo, labari zai riga shi isa Arewa, baɗi ba mai sauka a gidansa, ga gidaje da iyali da yara da ya tara a Sabo, ba inda zai kwashe su ya gudu.

A nan asirin yake, kuma ba shi da daɗin ji ga mai son a ce amana halin zuciya ce kawai. Tsarin bai dogara da cewa kowa waliyyi ne ba. Ya dogara ne da cewa wanda aka ba amana yana da abin da zai rasa in ya ci, kuma abin ya fi amanar tsada. Sunansa, gidansa, auren 'ya'yansa, wurin zamansa a masallacin unguwa. Da Alhaji ya ce bai san inda mai farar shadda yake kwana ba, ba adireshi yake nufi ba. Yana nufin in mutumin ya ɓace, babu abin da ya bari a baya da zai yi masa zafi. Tambayar "ɗan gidan wa ne?" da matasa ke yi wa kallon ƙauyanci, tambayar jingina ce.

Sai dai ɗan damfara shi ma ɗalibi ne, kuma ya fi mu yin bitar darasin. Ya san muna jiran mu ga cika alƙawari, don haka yakan cika, da gangan, har sai mun saki jiki. Ni kaina na sha wannan. Wani da muke sallar asuba tare ya ranci kuɗi kaɗan a wurina ya ce ranar Juma'a, ya kawo ranar Alhamis. Bayan wata guda ya ranci ninki biyu, ya dawo da su har da ledar lemo ta yara. Karo na uku ni da kaina na ce ko zai ƙara. A na huɗu ya zo da maganar wata motar masara da za a sauke da asuba, riba rabi da rabi, amma sai an biya a daren nan. Na kwashe abin da na tara na kuɗin haya na ba shi. Yau shekara 6 ke nan, lambarsa a kashe. Da na zauna na yi lissafi sai na ga bashi ukun farko ba bashi ba ne, jari ne ya zuba, ni ne kuma gonar.

Abin da ya yi mini a ƙaramin mataki shi ake yi wa duniya a babba. Bernie Madoff na birnin New York ya taɓa shugabantar kasuwar hannun jari ta Nasdaq, dattijo ne mai furfura, mai taimakon ƙungiyoyin agaji, ba ya cika baki. Bai yi wa kowa alƙawarin ninka kuɗi ba, riba madaidaiciya yake bayarwa, wajen kashi 10 zuwa 12 cikin 100 a shekara, amma ba fashi, ko kasuwa ta hau ko ta faɗi. Har korar masu kawo kuɗi yake yi, sai an yi kamun ƙafa kafin ya karɓa, wanda hakan ya ƙara masa kwarjini. Da yawa daga cikin waɗanda ya cuta Yahudawa ne 'yan'uwansa, waɗanda suka ce ai namu ne. Wani mai bincike, Harry Markopolos, ya fara kai ƙorafi ga hukumar da ke sa ido kan kasuwar tun 2000 cewa lissafin ba zai yiwu ba, ba a ɗauke shi da muhimmanci ba. Asiri bai tonu ba sai a Disambar 2008, lokacin da takardu ke nuna kusan dala biliyan 65 da babu su. An yanke masa shekara 150, ya mutu a kurkuku a 2021.

A nan gida mun ga MMM, tsarin zuba kuɗi ta intanet mai alƙawarin kashi 30 cikin 100 a wata, wanda ya rufe asusun mutane a Disambar 2016, hukumar inshorar ajiyar banki ta NDIC ta ce 'yan Najeriya kimanin miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. Ba mu gama jimami ba, a Afrilun 2025 wani dandalin zuba jari na intanet mai suna CBEX ya rufta da kuɗin jama'a, har fusatattu suka fasa ofishinsa a Ibadan. Ka tambayi duk wanda ya faɗa ciki, da wuya ya ce maka wani baƙo ne ya shawo kansa. Yayarsa ce, abokin aikinsa ne, wani na kusa ne da ya nuna masa shaidar shigar kuɗi a waya. Kuma na kusan ba ƙarya yake yi ba, da gaske an biya shi, da kuɗin waɗanda suka shigo bayansa. Wannan shi ne mugun wayon: ana hayar amanar mutanen kirki a yi farauta da ita. Tsohuwar tambayar "wa ya san ka?" tana nan, amma wanda ya tsaya ɗin bai san komai ba, kuma ba zai biya ko sisi ba in abin ya fashe. Maigidan Sabo yana biya. Bambancin ke nan tsakanin mai tsaya wa mutum da mai yi masa talla.

To in fuska ba ta isa ba, rantsuwa ba ta isa ba, har biyan farko ma ana iya saye, me ya rage? Abin da na lura shi ne alamomin da suka fi wuyar ara su ne waɗanda ke ci wa mai su wani abu nan take.

Ka je Dawanau sayen wake. Wani zai buɗe maka bakin buhu ka ga fari tas. Wani kuma zai soka ma buhun a gindi da kansa, ya zubo maka a tafin hannu ya ce, "Duba da kyau, na bara ne, akwai ɗan ƙwaro, shi ya sa na rage maka." Ya yi asarar wani abu a cinikin yau. Asalin wannan a hadisin Muslim yake, inda Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Mai faɗin aibin kayansa, ko aibin ɗansa ranar da aka zo binciken aure, yana sayar maka da gaskiya a kan farashin da maƙaryaci ba ya son biya. Amma ko nan a yi hattara da ɗan ƙaramin aibin da ake faɗa don a rufe babba. Wanda ya ce maka "ni matsalata ɗaya, na cika tausayi" bai faɗi aibi ba, kirari ya yi wa kansa.

Haka kalmar "ban sani ba". An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da cewa bai sani ba, kuma shi ne malamin Madina da ake niƙo gari daga nesa don a tambaye shi. Yau kuwa ka buɗe waya ka ga mai maganin da ke warkar da ciwon suga da basir da rashin haihuwa da kwalba ɗaya, ko mai sharhin da ya san sirrin fadar shugaban ƙasa da na Majalisar Ɗinkin Duniya a zama guda. Makaniken da ya ce maka "wannan aikin lantarki ne, ba fannina ba ne, je wurin wane" ya bar kuɗi sun wuce shi. Shi ya sa in ya ce maka injin ne, sai ka yarda.

Alamar da na fi dogara da ita yanzu, bayan darasin motar masara, ita ce yadda mutum ke yi in ka ce za ka bincika. Mai gaskiya ba ya jin zafin a rubuta. Sau da yawa ma shi ke cewa a kira shaida, a ƙirga a gabansa, don ya san mantuwa da mutuwa suna nan. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma Sahabbai aka fara faɗa wa, mutanen da suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Amma mu mun mai da takarda abin kunya. Ɗan damfara ya san haka, shi ya sa makaminsa mafi kaifi shi ne ɓata fuska: "Haba Alhaji, yanzu har ni ne ba ka yarda da ni ba?" Da wannan jimla ɗaya ya juya shari'ar, kai ne ka koma mai laifi kana ba da haƙuri. Sai ya haɗa da gaggawa, a daren nan, kafin a rufe, kada ka gaya wa kowa don mahassada. Duk inda ka ga fushi da bincike, da gaggawa, da sirri sun haɗu, ka riƙe aljihunka.

Akwai kuma yadda mutum ke kawo mugun labari. Saurayin Maraɗi ya dawo da turmi 4 da ba su fita ba, bai jira an tambaye shi ba. Uwar adashen da ta kira ki tun kafin ranar kwasa ta ce mutum biyu ba su zuba ba, ga yadda za a yi, ta fi wadda za ta kashe waya ta bar ki kina sintiri a ƙofar gida. Kowa na iya shiga matsala. Mai amana yana zuwa da ƙafarsa ranar da ba shi da abin biya.

Wani kuskuren da muke yawan yi shi ne ɗaukar amana kamar dunƙulen abu ɗaya, ko mutum yana da ita ko ba shi da ita. A Suratul Ƙasas, aya ta 26, da 'yar dattijon Madyana ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa aiki, siffa biyu ta ambata: mai ƙarfi, amintacce. Malaman hadisi ma sun raba adalcin mai ruwaya da kiyayewarsa. Mutum na iya zama salihi wanda ba zai taɓa yin ƙarya da gangan ba, amma a ƙi karɓar hadisinsa don yana ruɗewa. An ruwaito Imamu Malik yana cewa ya riski mutum 70 a masallacin Annabi waɗanda da za a ba ɗayansu baitulmali da ya riƙe amana, amma bai ɗauki ilimi a wurinsu ba don ba fanninsu ba ne. Mu kuwa sai mu damƙa wa limamin unguwa kuɗin ginin makaranta don yana da tsoron Allah, alhali bai taɓa sayen buhun siminti ba, in kuɗi suka salwanta a hannun 'yan kwangila mu ce ya ci amana. Bai ci ba, mu ne muka ɗora masa kayan da ba nasa ba. Tambayar ba "na yarda da shi?" ba ce kawai, har da "a kan me?"

Dole kuma in faɗi inda tsarin kakanninmu yake da rauni, don kada a ce na yi masa kirari kawai. Wanda ba shi da kowa fa? Maraya, baƙon da rikici ya koro daga garinsu, yarinyar da ta fara sana'a a ɗaki ba ta da uba a kasuwa. Suna iya fin kowa gaskiya, amma tambayar "wa ya san ka?" tana rufe musu ƙofa, yayin da lalataccen ɗan babban gida ke cin albarkacin sunan kakansa har ya gama da shi. Ciniki ta waya ya buɗe wa irin waɗannan wata kafa, shi ya sa ba na cikin masu tsine masa. Sai dai ya zo da nasa ciwon: hoton kaya na aro, shaidar biya ta bogi, mabiya na saye, yabon kwastomomi da mai shagon ya rubuta da kansa, ga kuma manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum. Duk alamar da ake iya turowa ta waya, ana iya ƙera ta.

Abin da na ga masu sana'ar kirki na yi shi ne komawa tsohuwar hanya da sabon kayan aiki. Wata mai sayar da turaren wuta da humra da matata ke saye a wurinta ta WhatsApp, farkon hulɗarsu cewa ta yi kada a turo kuɗi, a bari kaya su iso a duba tukuna. Ta ɗauki kasadar a kanta. Sau ɗaya kwalba ta fashe a hanya, kafin a yi mata magana ta aiko da wata, ta ce laifin naɗinta ne. Yanzu matan gidanmu da na maƙwabta duk a wurinta suke saye, kuma har yau ba wadda ta taɓa ganin fuskarta.

Kwanaki na koma Kwari na tarar Alhaji ya miƙa wa babban ɗansa shagon, shi yana zaune a gefe kan darduma. Ɗan yana da kwamfuta da na'urar POS, tsohon littafin nan kuma yana nan a cikin durowa. Wani matashi ya shigo da waya a hannu yana nuna hotunan shagonsa na Agadas da dubban mabiyansa, yana son dila 5. Ɗan Alhaji ya duba hotunan, ya yaba, sannan ya waiwayi mahaifinsa. Tsohon bai ko kalli wayar ba. Ya ce, "Yaro, a Agadas wa ka sani a layin 'yan atamfa?" Matashin ya ambaci wani suna. Alhaji ya ce a kira masa shi. Aka yi ta gaisuwa da tambayar iyali da ruwan bana kusan minti 5 kafin a zo kan magana, sannan ya saurara, yana gyaɗa kai. Da ya ajiye wayar ya ce a ba shi dila 1, in ya dawo a ga abin da hali ya yi.